Yadda ake busar da kayan lambu da injin busarwa mai kwampireso, da yadda ake auna ruwan da yake cirewa

Wanda ya san kasuwar Marwa ko ta Garwa a arewacin Kamaru ya san halin kayan gwari. Lokacin kakarsa tumatir yakan cika gari har a rasa mai tayawa, bayan 'yan watanni kuma a fito da kuɗi a hannu ana neman na miya. Iyayenmu sun daɗe da sanin maganin wannan, wato shanya. Kauɗar tumatir, busasshiyar kuɓewa, gabu, kuka, barkono, duk rana ce take yin su, kuma har yanzu kauɗar da ake shanyawa a yankin Abeshe na ƙasar Chadi tana isa kasuwannin Njamena.

Sai dai rana tana da inda take gazawa. Kuɓewa da zogale da yakuwa da lalo da damina suka fi yawa, daidai lokacin da iska take jiƙe sharkaf. Ka shanya kuɓewa a watan Agusta, hadari ya taso ka kwashe, gobe ka sake bazawa, kafin ta bushe ta yi baƙi, wani lokaci har da fumfuna. Da hunturu kuma kaya suna bushewa da wuri, amma da ƙura a jikinsu. Wanda yake son kai kaya kanti, ko yake son garin zogale kore shar, dole ya nemi wata hanya. Injin busarwa mai kwampireso yana cikin hanyoyin da suka fi dacewa da mu. A takardun 'yan kasuwa za ka ga an rubuta pompe à chaleur da Faransanci, shi ke nan ake nufi.

Abin da nake so mai farawa ya riƙe shi ne, lambar zafin da take haskawa a jikin injin ba ita ce shaidar aiki ba. Ruwan da ya fita daga kaya shi ne shaida, kuma ana auna shi da bokiti da sikeli da mitar wuta.

Yadda injin yake aiki, a taƙaice

Ka ɗauko kwalbar ruwa daga firij da damina, nan da nan za ka ga raɓa ta kwanta a jikinta. Laimar da ke cikin iska ce ta taɓa sanyi ta koma ruwa. Da wannan dabara injin yake aiki. Yana da lagireto biyu da kwampireso a tsakaninsu, ɗaya mai sanyi ɗaya mai zafi. Fanka tana tura iska mai zafi ta bi ta kan kayan lambu ta kwashi danshi. Iskar ta wuce lagireton sanyi, ruwan ya ɗiga ya fita ta tiyo. Busasshiyar iskar ta bi ta lagireton zafi, ta sake ɗumama, ta koma kan kaya. Haka take ta zagayawa, ba ƙura, ba ƙuda.

Amfaninsa a wajen wuta yake. Ƙafar da kilo ɗaya na ruwa tana buƙatar zafi kusan kilojul 2,400 (kilojul ma'aunin yawan zafi ne), yunit ɗaya na wuta kuma, wato kilowat ɗaya na tsawon awa guda wanda mita take ƙirgawa, kilojul 3,600 ne. Ke nan injin da hita kawai yake amfani da ita ba zai wuce kilo ɗaya da rabi a kowane yunit ba ko da bai yi asarar komai ba, a aikace ma ba ya kai kilo ɗaya, don zafin yana bin iska ya tsere waje. Mai kwampireso kuwa yana ƙwato zafin da tururi ya tafi da shi ya mayar ciki, shi ya sa yake cire daga kilo 1 zuwa 4 a kowane yunit, gwargwadon injin da kayan da ke ciki.

Kayan aiki

Injin kansa, da ɗakinsa mai rufin da ba ya sakin zafi. Ka nemi wanda yake da ƙaramin lagireto na uku a waje, mai zubar da rarar zafi. A ƙasarmu wannan wajibi ne, zan dawo kansa.

Tire masu ƙasan raga, na ƙarfe mara tsatsa ko na roba irin ta abinci. Kada ka yi amfani da ragar waya mai shafen tutiya irin ta kejin kaji, tsamin tumatir yana cin ta ya shiga cikin kaya. In babu tire, kafinta zai haɗa maka firam na katako mara ƙamshi a ɗaura masa sabuwar ragar roba wadda ba a sa wa magani ba. Gidan sauro mai magani ba ya shiga wannan aiki ko kusa.

Sikeli biyu: babba mai ɗaukar kilo 30 zuwa 50, da ƙarami na kicin mai nuna giram ɗaya-ɗaya.

Ma'aunin zafi da laima, ƙananan nan masu batir, aƙalla biyu.

Mita ta musamman ga injin, ko ka riƙa karanta mitar gida alhali an kashe sauran kayan wuta. Da sitabilaiza da ta fi ƙarfin injin.

Jarka ko bokiti mai murfi na tarar ruwa, wuƙaƙe masu kaifi ko abin yanka mai daidaita kauri, roba biyu ta wanki, kwando na tsanewa, kwalabe masu murfi, leda mai kauri ta abinci da abin liƙe ta, da littafi da biro. Littafin nan kada ka raina shi.

1. Fara da lissafin ruwa kafin ka sayi kaya

Yawancin masu farawa kwando suke ƙirgawa, alhali injin ruwa yake gani. Tumatir kusan kashi 94 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne. Kuɓewa kusan 89, albasa kusan 88, ganyen zogale tsakanin 75 da 80. Ana so a sauko da tumatir da kuɓewa zuwa kusan kashi 10, ganye zuwa 8, albasa kuma ƙasa da haka, kusan 6, musamman in za a niƙa ta.

Ga lissafin. Ka cire kason ruwan farko daga 100, ka cire kason ruwan ƙarshe daga 100, ka raba na farkon da na biyun, ka ninka da nauyin kaya. Abin da ya fito shi ne nauyin busasshen da za ka samu. Tumatir kilo 100: 6 a raba da 90 a ninka da 100, ya ba da kilo 6.7. Sauran kilo 93.3 duk ruwa ne da injin zai cire. Albasa kilo 100 za ta bar maka kusan kilo 12.8, kuɓewa kusan 12.2, zogale mai kashi 77 zai bar kilo 25.

Duba abin da wannan yake nufi ga aljihunka. Kafin ka samu kilo ɗaya na kauɗar tumatir sai ka biya kuɗin cire ruwa kilo 14. Albasa da kuɓewa kusan 7. Zogale 3 kacal. Shi ya sa nake ba mai farawa shawara ya soma da ganye da kuɓewa, ya bar tumatir sai hannunsa ya faɗa kuma ya sami mai saye da zai biya tsabta da launi. In kauɗarka a kasuwa ɗaya za ta zauna da ta rana a kan farashi ɗaya, ka yi asara tun kafin ka kunna injin.

In kana son sanin ainihin ruwan kayanka, ka yanka giram 100 siriri, ka sa a tanda mai ma'auni a kan digiri 105, kana aunawa lokaci-lokaci har nauyin ya daina sauka. In giram 6 ya rage, ruwan kashi 94 ne. In ba ka da irin wannan tanda, ka yi aiki da lambobin da na bayar, ba za su kai ka nesa da gaskiya ba.

2. San ƙarfin injinka

A takardar injin za a rubuta kilo nawa na ruwa yake cirewa a awa. Wannan lamba an auna ta ne lokacin da iska take cike da laima. A ganina, in ka ɗauki rabinta ko ɗan sama da haka a matsayin abin da zai yi daga farkon aiki zuwa ƙarshe, ba za ka ji kunya ba.

A ce injinka yana cin yunit 2 a awa, kuma a matsakaici yana cire kilo 3.5. Ka zuba tumatir kilo 60, ruwan da za a cire kilo 56 ne, wato awa 16 da yunit 32, ka fito da kauɗa kilo 4. In ka ga akwai sauran wuri ka cusa kilo 120, injin ba zai ƙara sauri ba. Kayan za su kwana su wuni a jiƙe cikin ɗumi, su yi tsami, su yi yauƙi. Wannan ne kuskuren da ya fi kowanne yawa, kuma mai shi yakan ce injin ne ba shi da kyau.

3. Zaɓi da wanki

Busarwa ba ta gyara abin da ya lalace. Tumatir ya zama nunanne ja mai tauri, irin dogon nan mai tsoka ya fi mai ruwa-ruwa. Kuɓewa ta zama ɗanya shakaf, wadda bakinta yake ƙaryewa ƙas in ka lanƙwasa. Albasa ta zama wadda ta ƙosa wuyanta ya bushe. Gudami ta Marwa da ja ta Galmi duk suna yi, sai dai ja takan fito da ɗan duhu, in mai saye fara yake so sai ka nemi fara tun farko. Ganye a tsinko shi da sassafe a shiga aikinsa a ranar, don zogale in ya kwana a buhu yakan yi zafi ya koma ruwan ɗorawa.

A wanke a roba ta farko, a ɗauraye a ta biyu, da ruwan da kai kanka za ka iya sha. Kayan fadamar Binuwai da na bakin kogin Logon sukan zo da yashi, sai an sauya ruwa. Kuɓewa a wanke ta tun tana ɗungurungum, a bar ta ta tsane sarai kafin wuƙa ta taɓa ta. In aka yanka aka wanke, yauƙin da ake sayenta dominsa ya bi ruwa.

Ka bar komai ya tsane a kwando a inuwa. Ruwan wankin da ya shiga injin, kai za ka biya kuɗin cire shi.

4. Yanka

Kauri ɗaya ake so, ba don kyau ba, don kaya su bushe tare. Tumatir milimita 5 zuwa 7, albasa 3 zuwa 5, kuɓewa kusan 5. Ruwan da ke tsakiyar yanki sai ya yi tafiya zuwa fatarsa kafin iska ta ɗauke shi, kuma in ka ninka kauri, lokacin bushewa ya fi ninkuwa. Tumatirin da aka raba biyu kawai, kamar yadda ake yi a shanyar rana, zai cinye maka wuta a banza. In ka matse ruwa da 'ya'yan da ke cikinsa kafin ka jera, ka rage wa injin aiki sosai, ruwan kuma ya shiga miyar ranar.

Attaruhu da tattasai suna da fata mai santsi da ba ta sakin ruwa. A tsaga su biyu, a sa safar hannu. Ƙananan barkono ne kaɗai ake iya barinsu yadda suke.

Karas da kabeji da koren wake suna buƙatar a tsoma su a tafasasshen ruwa minti 2 zuwa 3, a tsamo a jefa a ruwan sanyi, a tsane. Wannan yana tsayar da abin da ke ɓata launinsu da ɗanɗanonsu a ajiya. Albasa, tafarnuwa, tumatir da barkono ba sa buƙata. Kuɓewar miya da zogalen gari ni ba na tsoma su.

5. Jerawa a tire da tiren shaida

Shimfiɗa ɗaya, kada wani ya hau wani. A murabba'in mita ɗaya, yankakkun kaya kilo 4 zuwa 6, ganye kilo 1 zuwa 2. Ka bar tazarar yatsu huɗu tsakanin tire da tire. In tire bai cika jere ba, ka toshe gurbin da babu komai, don iska hanya mai sauƙi take bi, za ta ratsa ta gurbin ta bar kayanka.

Yanzu ka zaɓi tire uku, na sama da na tsakiya da na ƙasa, ka yi musu alama. Ka auna kowanne babu kaya, ka auna da kaya, ka rubuta. Ka lissafa nauyin da ake so ya koma. In tumatir kilo 3 ne a kai, giram 200 kake jira. In kuɓewa ce, kusan giram 370, albasa kusan 380. Waɗannan tire uku su za su gaya maka gaskiyar abin da ke faruwa a ciki.

Kada ka haɗa albasa ko attaruhu da ganye a zubi ɗaya. Iskar zagayawa take yi, zogalenka zai fito yana warin albasa.

6. Kunna injin da saita zafi

Ka kunna shi babu kaya kamar minti 20 zuwa 30 ya ɗumama, ka tabbata tiyo yana gangarowa cikin jarka bai lanƙwashe ba. Ka rubuta lambar mita da lokaci, sannan ka zuba kaya ka rufe.

Ganye, irin su zogale, yakuwa, lalo, alayyafo: digiri 40 zuwa 45, kada ya wuce 50. Kuɓewa 50 zuwa 55. Albasa 50 zuwa 55, in ta wuce 60 sukarinta yakan sa ta yi ruwan ƙasa. Tumatir da tattasai da attaruhu 55 zuwa 60.

Gaggawa takan sa mutum ya murɗa zafi zuwa ƙarshe tun daga farko. Abin da ke biyo baya shi ne fatar yankin ta bushe ta yi tauri ta kulle ruwan da ke ciki. A hannu za ka ji kamar ya bushe, bayan mako biyu a leda sai fumfuna ta bayyana. Ga kuma kwampireso yana wahala, don in ka ɗaga zafi fiye da kima, ruwan da yake cirewa a kowane yunit yakan ragu. Gara ka fara da ƙasan lambobin nan, ka ƙara digiri 5 in aiki ya yi nisa.

7. Auna ruwan da ke fita

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne mutane suke ƙyuya. Kowace awa ɗaya a farko, daga baya kowace awa biyu, ka auna ruwan jarka, ka karanta mita, ka duba laima, ka rubuta. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka jarka mai zane ma ta isa.

Lambobi biyu za ka fitar. Ta farko, kilo nawa ya fita a awa. Ta biyu, kilo nawa ya fita a kowane yunit, wato ruwan da ka tara a raba da yunit ɗin da mita ta ci. Ita ce ake rubuta wa SMER a takardun injin. A misalin da ya gabata, kilo 56 a raba da yunit 32 ya ba da 1.75, kuma kowane kilo na kauɗa ya ci yunit 8. Ka ninka da kuɗin yunit a takardar wutarka, ka san abin da za ka ɗora a farashi.

Ga abin da za ka gani in komai yana tafiya daidai. Awa ta farko ruwa kaɗan ne, don kaya suna ɗaukar zafi. Daga nan tiyo ya fara zuba kamar an ɗan buɗe famfo, laimar ɗakin ta haura kashi 60 ko 70, gilashin ƙofa ya yi gumi. Wannan shi ne lokacin riba, ruwan da ke saman kaya ne yake fita, kuma saurinsa kusan ɗaya ne awa bayan awa. Sai a kai wani wuri da zubar ta koma ɗiga, laima ta sauko 40, ta sauko 30. Ruwan da ya rage a can cikin tsoka yake, a hankali yake fitowa. Injin yana cin wutarsa kamar da, amma jarka ba ta motsi. Kashi ɗaya cikin goma na ƙarshe na ruwan yana iya cinye sulusin lokacin gaba ɗaya, wani lokaci ma fiye.

Sanin wannan yana ba ka dabaru. In kaya sun motse, ka haɗe na tire biyu ko uku a ɗaya. In kana da zubi na gaba na irin kayan, ka sa ɗanyen a inda iska take fita daga ɗaki, wanda ya kusa bushewa kuma a inda busasshiyar iska take shigowa. In ka juya su, danshin sabo zai koma kan tsoho. Haka lagireton sanyi yake samun laimar da zai tatsa, wutarka ba ta tafiya a banza.

Lambobin kuma suna tona matsala. In kaya jiƙe suke, laima ta yi sama, amma ruwa ba ya zuba, ka duba matatar iska ko ta toshe, ka duba tiyo, in duk lafiya to gas ya ragu, a kira mai gyaran firij. In laima ta yi ƙasa ƙwarai alhali kaya suna jiƙe, iska ba ta ratsa tire, tana bi ta gefe. In ruwan jarka ya fi abin da duk kayan suka rasa bisa awon tiren shaida, ƙofa tana shan iskar waje, kana busar da damina ne ba kuɓewa ba, sai a sauya robar bakin ƙofa. In kuma injinka mai huda ne da yake fitar da wata iskar waje, ruwan jarka zai gaza abin da kaya suka rasa, sai ka dogara da sikeli.

Kowace awa 3 ko 4 ka sauya wa tire wuri, na sama ya sauko, gaba ya koma baya. Ka yi da sauri ka rufe.

8. Sanin cewa ya bushe

A kimance, ganye awa 3 zuwa 6, kuɓewa 6 zuwa 10, albasa 8 zuwa 12, tumatir 12 zuwa 18, tsagaggen attaruhu yakan kai wuni da kwana. Amma agogo ba ya yanke hukunci. Tiren shaida ya kai nauyin da ka lissafa, kuma awo biyu a jere da tazarar awa ɗaya su ba da kusan abu ɗaya. Ka ɗebo kaɗan ka bari ya huce kafin ka taɓa, don mai zafi yakan yi laushi ya ruɗe ka. Ganye ya murmushe a tafin hannu. Kuɓewa da albasa su ƙarye ƙas. Tumatir ya yi kamar fata, in ka tsaga ka matsa da farce ba alamar ruwa.

Gwajin da na fi yarda da shi shi ne na kwalba. Ka cika ta rabi da busasshen kaya, ka jefa ƙaramin ma'aunin laima, ka rufe ruf, ka bar ta ta kwana. In ya nuna ƙasa da 60, fumfuna ba ta da abin ci a wurin. In ya haura 65, a mayar injin. Barkono musamman kada a yi masa sakaci, domin wata fumfunar tana barin guba mai cutar da hanta wadda dahuwa ba ta kashewa.

Su ma'aunan nan masu araha sukan yi ƙarya. Ka zuba gishiri a murfin kwalba, ka ɗiga ruwa ya jiƙe ba tare da ya narke ba, ka rufe shi da ma'aunin a kwalba ɗaya ya kwana. Kamata ya yi ya nuna 75. In ya nuna 70, ka san kullum za ka ƙara masa 5.

9. Hucewa da ɗauri

A bar kaya su huce a cikin injin, fanka tana juyawa, ƙofa a rufe. Da damina busasshen kaya yana shan laima cikin ƙanƙanen lokaci, albasa da tumatir sun fi kowa, don haka daga tire sai mazubi mai murfi. Ka bar su a rufe kamar mako guda kana girgizawa kullum, danshin ya daidaita tsakanin yanki da yanki. In ka ga raɓa a jikin mazubin, bai bushe ba. Bayan nan a ɗura a leda mai kauri a liƙe, a rubuta kwanan wata, a ajiye a wuri mai duhu, sama da ƙasa. Haske yana cinye koren zogale da jan tattasai. Niƙa kuma a bari sai an kusa sayarwa, gari ya fi saurin dunƙulewa.

In wani abu ya gaza

Wuta. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogara da madatsar Lagdo, kuma in ruwanta ya ja baya da rani ana jin abin a gida, duk da tashoshin hasken rana da aka ƙara a Marwa da Gidar. In wuta ta ɗauke kaya suna jiƙe, kada ka bar su a rufe cikin ɗumi, 'yan awoyi sun isa tumatir ya yi tsami. Ka buɗe, ka fitar da tire inda iska take kaɗawa, ka lulluɓe da raga. In kuwa sun kusa bushewa kuma damina ce, ka bar ƙofa a rufe. In wuta ta dawo, ka jira minti 5 kafin ka tayar da kwampireso. Janareta ya zama ya ninka ƙarfin injin kamar sau uku, don kwampireso yana fizgar wuta da yawa a lokacin tashi, sai dai in irin mai inbata ne da yake tashi a hankali. Mai sola ya zuba kaya da hantsi, lokacin zubar ruwa ya faɗo tsakiyar rana.

Bazara. A Maris da Afrilu zafin Garwa da Kusiri da Njamena yana haura digiri 40. Duk wutar da kwampireso ya ci zafi take komawa a cikin ɗakin, in babu inda za a zubar da rarar sai injin ya riƙa yankewa. Aikin lagireton waje ke nan. A ajiye shi a inuwa inda iska take wucewa, a yi aiki da dare in da hali.

Hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar waje a bushe take, kyauta. In injinka yana da hudar shigar iska mai matata, ka buɗe ta. In kana da akwatin shanya mai rufin leda, ka bar rana ta cire rabin ruwan tumatir da albasa a wuni ɗaya, da yamma injin ya ƙarasa. Ganye dai kada ya ga rana.

In kuɗin injin bai samu ba. Ƙwararren mai gyaran firij yana iya haɗa ƙarami da tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki ta taga da akwati mai rufi, amma irin wannan kada a kai shi sama da digiri 45 zuwa 50, kuma aikin gas a bar wa mai sana'ar, wasu gas ɗin suna kama wuta. Na'urar tsotse laima ta ɗaki ma tana busar da ganye a ƙaramin kabad tare da fanka, sai dai yawancinsu suna tsayawa in zafi ya wuce kusan digiri 35, ba za su yi tumatir ba. Ƙungiyoyin mata da suke haɗa kuɗi su sayi inji ɗaya suna karɓa-karɓa, su ne na ga abin ya fi yi wa amfani, don injin da yake aiki kullum shi yake mayar da kuɗinsa.

Bayan kowane zubi a wanke tire, a share ƙasan ɗaki, a zubar da ruwan jarka a kan shuka, ba na sha ba ne. Matatar iska a kakkaɓe ta duk mako, da hunturu ma duk bayan kwana biyu. Lagireton sanyi a wanke shi da ruwa mara ƙarfi, wuta a kashe, musamman bayan albasa da tumatir, a kula kada a lanƙwasa siraran fikafikansa. In ka ga kilo a kowane yunit yana sauka a littafinka alhali kaya iri ɗaya ne kuma yanka iri ɗaya, ka fara da wanke lagireto da duba robar ƙofa kafin ka kira mai gyara.